Majo Arziki, mai riƙe numfashin mutane

Kullum bayan sallar asuba Majo Arziki yakan tada ɗan babur ɗinsa mobilet daga Madarumfa ya nufi asibiti a Maradi. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma bana, 1997, yake ajiye aiki. In ka tambayi maƙwabtansa aikinsa, wani ya ce allura yake yi, wani ya ce shi ke sa mutane barci. Ni ma iyakar sanina ke nan, har ranar da aka kai mahaifina, Baba Sule masunci, aikin gwaiwa.

Ina zaune a waje, ban ga komai ba. Binta, mai miƙa wa lokotoro, wato likita, kayan aiki, ita ta ba ni labari. Wai da maganin barci ya kama Baba, sai numfashinsa ya tsaya. Na dafe kai na yi salati. Ta ce, "Haka maganin yake yi. Majo ne ke yi wa mutum numfashi." Har yau maganar nan tana ɗaure mini kai.

Akwai wani marufin roba da Majo yake kifa wa mutum a hanci da baki, yana matsa jakar iska da ɗaya hannun. To, Baba ba shi da haƙori ko ɗaya, kumatu sun lotsa, iska na tserewa ta gefe, ƙirji bai tashi ba. Leɓɓansa suka fara sauya launi. Lokotoro ya ɗaga wuƙa ya tsaya. Majo ya ce, "Binta, kama jakar." Ya cusa ƙyallen ɗaurin ciwo cikin kumatun, ya tallabo muƙamuƙi da hannu biyu ya turo shi gaba. Ƙirji ya tashi. Haka ya riƙe har aka gama ɗinki.

Da Baba ya farka, cewa ya yi, "Yaushe za a fara?"

Na tare Majo in yi godiya. Ya ce, "Haba ɗana, haɓarsa kawai na ɗaga."

Majo, kai ne gatan wanda bai san inda kansa yake ba. Mutum nawa ke wuce ka a kasuwa ba gaisuwa, alhali a hannunka suka rayu? Mun gode, Allah ya saka da alheri. Matasan da za su gaje shi, ku je ku koyi wannan riƙon tun hannunsa bai fara rawa ba.