Ƙwan Ƙwari a Bayan Ganye

Malam Munzali mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ƙarfinsa ya ƙare a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon, can ƙasar Turawa. Da ya yi ritaya aka ba shi ɗan fili a lambun unguwa, can ƙarƙashin itatuwa inda rana ba ta leƙawa. Ya shuka kuɓewa ta mutu, yakuwa ta bi ta. Dokar lambun kuwa, wanda ya bar filinsa fako a karɓe a ba wani. A ce ɗan manomin Tasawa ƙasa ta ƙi shi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Sai maƙwabcinsa Nassim, wani tsoho ɗan Aljeriya, ya miƙo masa shuka ta kan shinge, ya ce fujer ce, 'yar dajin nan, inuwa da laima take so. Munzali ya gode a baki kawai. Ba fure, ba 'ya'ya, ba ta shiga miya, sanyi ya kashe komai ita tana nan kore shar. A ransa ya ce ai tsohon nan filin yake so.

Ranar da ya juya ganyen ya ga wasu layuka ruwan ƙasa jere a bayansa, ya ce to ga ta nan, ƙwan ƙwari aka sako masa. Ya riƙa kankarewa da wuƙa yana zubarwa a gindin shingen Nassim, mai kaya ya riƙe kayansa. Gaisuwa ma ya yanke ta.

Da ya je garin Montreuil wurin 'yarsa Raihana, ya nuna mata hoton ganyen a waya yana cika baki. Ta sha dariya.

"Baba, ai irinta ne. Ita a bayan ganye take ajiye shi."

Iri, shi da ubansa ya taɓa zane shi kan tafin gero na shuka da ya zubar. Kunya ta kama shi har cikin jirgin komawa Lyon. Ya so ya ba da haƙuri, girman kai ya ce sai gobe.

Shekara ta kewayo, ƙananan fujer suka tsiro jere a gindin shingen ta ɓangarensa, inda ya riƙa zubar da irin, masu lura da lambu suka yaba, fili ya tabbata nasa. Ya cire mafi kyau ya sa a tukunya, ya leƙa ta shinge da doguwar sallama. Wata baƙuwa ce ta ɗago kai. Ta ce tsohon ya rasu tun cikin sanyi, aka ba ta wurin.