Ƙullin Zobona a Cikin Kwata

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki biyu, kuma tun da na iya haɗa baƙi na zama fitina a gidanmu na haya a unguwar Sabo. Abin da aka koya mini da safe, kafin la'asar na ɗora wa matan gidan shi, ko sun so ko sun ƙi.

Wata rana malamarmu ta kunna mana fim a kan sauyin yanayi. Ba rawa, ba waƙa, ba wanda ya auri wani. Ya fara da ƙanƙara tana ruftawa cikin teku, sai wata farar dabba kamar ƙaton kare a tsaye kan guntun ƙanƙara, an sa mata kiɗan ban tausayi. Ni da kullum nake addu'ar a kawo wuta zobon da nake sayarwa ya daskare, ƙasar da ƙanƙara ta yi wa yawa ba ta ba ni tausayi ba. Daga nan Turawa masu tabarau suka dinga nuna layuka suna hawa sama. Rubutun ƙasan allo kuwa, kafin in gama kalma ta biyu ya wuce. Na yi gyangyaɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata tsohuwa ce a fim ɗin ta farkar da ni, ban ma san ƙasarsu ba. Ruwa ya shiga ɗakinta har gwiwa, tana ƙoƙarin ɗaga katifa ita kaɗai. A nan mai fim ɗin ya yi hankali, ya kashe kiɗan, ya sallami masu tabarau. Sai ƙarar ruwa da nishinta. Na san nauyin jiƙaƙƙiyar katifa, don ɗakina ne na ƙarshe a gidan, jikin kwatar lungu, kuma damina biyu a jere ruwa yana shigo mini. Bayan tsohuwar aka nuna magudanar da leda ta toshe.

Na daɗe ina faɗa da matan gidan a kan mu yashe kwatar nan, suna cewa ai ɗakina ne ke cin ruwa ba nasu ba. Ga hadari ya fara haɗuwa. Na ce yau na samu shaida. Na karɓo fim ɗin a waya, 'yata da ke aiki a shagon waya a unguwar Mokola ta haɗa mini shi da talabijin, na tara matan gidan ranar Juma'a bayan la'asar. Da yake Turanci ne, na tsaya gefe ina fassarawa kamar masu fassarar fim ɗin Indiya, rabi abin da na ji, rabi abin da na ga dama.

Wata ta tambaya ko ana cin farar dabbar. Wata ta ce rigar Baturen ba ta ga guga ba. Iya mai goro, wadda ta girme mu duka, ta ce ita dai an cinye rabin fim ba ta gane wane ne jarumi wane ne bos ba.

Na ce, “Iya, bos ɗin ku ne, masu zubar da leda.”

Na kama wa'azi ba numfashi, har muka iso kan tsohuwar ina ta surutu. Maƙogwarona ne ya bushe na tsaya shan ruwa, ɗakin ya yi tsit. Iya ta matso gaban talabijin.

Ta ce, “Mayar da shi baya. Kuma don Allah ki yi mana shiru.”

Sau uku muka kalli wurin. Babu wadda ta ƙara tambayar dabba. Iya ta ce gobe da safe kowa ta fito da abin yasar kwata.

Na riga kowa fita, na ci ɗamara, manjagara a hannu, ina ba da umarni. Da muka fara jawo abin da ya toshe kwatar, sai ga ledoji jajaye, kowace an huda mata kusurwa da haƙori, kowace da ƙulli biyu mai kunne a sama. Wannan ƙullin na sha yin alfahari cewa duk Sabo ni kaɗai na iya shi. Ta tagar ɗakina ake sayen zobo, a tsotse a tsaye, a saki ledar nan take. Shekara da shekaru ina miƙawa ta taga, ban taɓa leƙa ƙasa ba.

Iya ta ɗago guda da tsinke, ta ce, “Malama, zo ki fassara mana wannan.”

Na buɗe baki in ce ai ba ni na zubar ba. Gaskiya ce, amma ko ni ban ji daɗinta ba, sai na sunkuya na ci gaba da yasa.

Yanzu a kofi nake sayarwa, ka sha ka miƙo mini abina. Daminar nan ruwa ya tsaya a bakin ƙofa. Fim ɗin har gobe ina ganin da an yanke masu tabarau da ya fi kyau. Matan gidan sun ce haka ma mai fassarar, kuma tun daga ranar nan, Bos suke kirana, ni kuwa ina amsawa.