Gidanmu na Bakin Titin Kano

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya tashi gini, maigidana gingimari yake tuƙawa. Shanu yake ɗauka daga kasuwannin ƙasar Daura ya kai Ikko, ya dawo da siminti ko kwanon rufi. Motar ta wani Alhaji ce, amma in ka ji yadda yake zancenta sai ka rantse shi ya haife ta. Muna haya a cikin garin Daura, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu na wajen Dutsi da ciwon ƙafa ya matsa mata. Inna muke ce mata.

Da Allah ya hore masa abin yin gida, sai masu shawara suka yi yawa. Direbobi suka ce Kano, can lodi yake, can makanikai suke. Baffanninsa suka ce ya komo ƙauye, fili kyauta, sun manta da damina ko amalanke da ƙyar take shiga. Ni kuwa na riga na gama zaɓina. Akwai wani kango bayan gidan babana, ga rijiya, ga dangi, in ana biki ba sai an aiko mini ba, zan ji guɗa daga ɗaki.

Ya je ya duba kangon, ya dawo ya ce, "Lungun nan ba ya cin mota."

Na ce, "Maigida, motar ce za ta kwana a ɗakin ko mu?"

Ya yi dariya. Ba a jima ba na ji wai ya sayi fili a bayan gari, a bakin titin Kano, inda babu komai sai gonakin gero da darbejiya ɗaya da shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sha kunu, na ce mutane suna neman shiga cikin jama'a shi yana kai mu daji, saura kaɗan in yi yaji.

Sai da ya ga abin nawa ba na wasa ba ne ya zaunar da ni. Ya ce mota in ta ɗauki shanu ba ta tsayawa sai dole. Dabbobin a tsaye suke a matse, in rana ta dake su wata ta faɗi, sauran tattake ta za su yi. Masu shanun kuma suna zaune a kan katako a saman motar, ko birki ka taka ba dalili sai sun yi maka ca. Saboda haka direba yakan ratsa garinsu bai leƙa gida ba. Ya ba ni labarin wani abokin aikinsa da ya wuce ta Daura da lodi ranar da uwarsa ta rasu, yana cin goronsa yana danna ham, bai sani ba. Da ya dawo daga Ikko har an yi sadakar bakwai.

Ya ce, "Kin ga Inna yadda ta koma. Duk inda na yi lodi, ta titin nan zan bi. Ina so in na wuce in gan ta da idona."

Amma ban fasa mita ba, kuma ina da hujja. Ruwa sai mai ga-ruwa ya ga dama ya zo. Kajina motoci suka ƙarar da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar manyan motoci har kwanukan da na jera a ɗaki take girgizawa, kuma duk matafiyin da motarsa ta lalace, ƙofar gidanmu ce wurin roƙon ruwa. Ƙannena in sun zo sai su ce sun zo gaida mutanen ƙauye.

Inna kuwa gidan ya yi mata. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar, tana kasa gyaɗa a faifai, ko an saya ko ba a saya ba babu ruwanta. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Motoci za su yi ta wucewa ba ta ko motsa, sai ka ji ta ce, "Ga shi nan." Can sai ham ɗinsa mai ja ya taso. Yakan sassauta gudu kaɗan, ita kuma ta ɗaga maficinta sama, shi ke nan an gaisa. Daga tsakar gida nakan jiyo masu shanu suna ihu, "Direba, a tafi mana!"

Ranar da ta rasu, tun jiya ya fita neman lodi, ya bar ta lafiya lau. Da hantsi ta sha koko, ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, ta kwanta. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Aka tura mutum a keke kasuwar Mai'aduwa neman maigida, ya dawo ya ce ba a gan shi ba, ƙila Zango ya yi. Liman ya ce a yi haƙuri, ba za a wuce la'asar ba.

Ina cikin mata a tsakar gida, an fita da ita, ana shirin salla, sai na ji ham ɗin nan. Na san yana duban gindin darbejiya, babu tabarma, babu mafici, sai maza a tsaye. Daga nan na ji abin da ban taɓa ji ba a ƙofar gidanmu, birkin motarsa da lodin shanu, har ƙasa ta amsa.

Ƙanena ya gaya mini sauran. Masu shanun ba wanda ya ɗaga murya. Suka sauko, suka bar mutum ɗaya a wurin dabbobi, suka yi alwala da ruwan randarmu suka shiga sahu. Maigida ya ɗauki makara da kafaɗarsa har maƙabarta, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Babban cikin masu shanun ya ce masa, "Direba, zauna gida. Allah ya jiƙan tsohuwa." Ibon nan maƙwabcinmu ne ya hau babur ya nemo musu wani direba.

Bayan an share makoki, wata rana yana cin tuwo ya ce, "Yanzu kam in kina so, sai mu sayar mu koma kangon Baba."

Na ce, "Wa ya ce maka ina so? Ci tuwonka."

Ni ba tsohuwa ba ce, ba zan zauna a bakin titi ba. Amma turmina yana jikin katanga. Tafiyarsa ta gaba, da na ji ham ɗin ya taso, sai na kife turmin na taka, na ɗaga maficin Inna sama yadda zai hango.