Fatna da Uwar Ƙullu a Gidan Tarihi

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira ya san Fatna mai kisra, ko da ta ƙamshin da ke saukowa daga rufin gidansu ne. Kisra dai gurasar dawa ce ta mutanen Sudan, sirantarta kamar takarda, da ɗan tsami-tsami. Sagiru, wani ɗalibin Azhar da ya kusa haddace ƙofarta fiye da littattafansa, cewa yake sinasir ne da bai ci ya ƙoshi ba. Amma ba ya fashi.

Kakar Fatna 'yar Haɗeja ce. Ta tashi aikin Hajji a ƙasa, ta tsaya hutawa a wani gari kusa da Sinnar ta ƙasar Sudan, hutun da har yau zuri'arta ba su gama ba. A can ta koyi kisra, ta jiƙa ƙullun farko. Ka'idar sana'ar ita ce ba a ƙarar da ƙullu. Kullum sai an rage kaɗan a gindin tukunya, a ƙara masa gari da ruwa, shi zai tayar da na gobe. Wannan ragowar suke kira uwa. Da yaƙi ya kore su, mata suna ɗinke zinare a haɓar zane, ita Fatna bokitin roba ta rungumo tun daga can har Alƙahira, tana rufa shi da mayafi ita tana shan rana.

To, sai yanar ido ta rufe mata gani. Likita ya ce a yi aiki, kuma ba ita ba hayaƙi har sai ta warke sarai. Uwar ƙullu ba ta san likita ba; a bar ta ba ci, a zafin garin nan, sai ta mutu. Fatna ta dubi 'yarta Hadeel, wadda ke aiki a shagon gyaran gira, ga farce kamar na shaho. Hadeel ta ce ita ba da ita ba, burodi na nan a kowane lungu, an gasa an gama. Ta dubi mahaifiyarta, wadda take kira Yumma, ta ce:

"Yumma, wannan bokitin naki ai gidan tarihi ya kamata a kai shi."

Wata uwar da kuka za ta yi. Fatna tambaya ta yi ko akwai. Sagiru, uban shisshigi, ya ce akwai mana, gida guda na tarihin burodi kawai. Ranar Asabar ta ci ado, ta ɗaure bokiti a ɗankwali, ta ce Hadeel ta yi mata jagora tunda idonta ba ya gani. Idan ba mai riƙon uwa, gara a kai ta inda ake ajiye marasa gata.

A ƙofa mai gadi ya ce ma'alish ya Hajja, ba a shiga da abinci. Fatna ta ce wannan ba abinci ba ne, ya girmi babansa. Ya ɗan ɗaga murfi, ya sunsuna, ya ja da baya, ya ce ko ya girmi Fir'auna a waje zai jira. Aka ajiye bokiti a gefen bango, inda rana ta fi zuba.

A ciki Hadeel ke karanta mata rubutu. Ga dutsen niƙa, ga gumakan mata sun durƙusa suna cuɗa gari, ga burodin da aka binne sarakuna da shi ya bushe kamar kashin raƙumi. Fatna ta manna ido a gilashi ta ce ashe Fir'auna ma da duk ikonsa ƙanzo ya tafi da shi. Ta tambaya wa ke ƙara musu gari da safe. Aka ce babu. Ta ce tamam, haka ake so, uwa za ta huta.

Hadeel fa karatu ya soma yi mata gardama. Sai duban taga take. Can ta ce murfin nan an danne shi da yawa, kuma ƙullu idan ya sha rana kumbura yake ya yi ɗaci. Fatna ta ce ai ba nasu ba ne yanzu, me ya dame ta? Suka ƙara taku kaɗan, sai ƙarar takalmi. Yarinya ta yi waje.

Fatna ta biyo bango a hankali, makauniyar da ba ta ɓata hanya ko sau ɗaya ba. Ta tarar da Hadeel tsugune a inuwa, ta sassauta murfi, ƙullu ya malalo mata har gwiwar hannu, tana yayyafa masa ruwan gorarta tana yi wa mai gadi faɗa da Larabcin da ya fi nasa kaifi.

"Ke 'yar nan, wa ya koya miki?"

"Yumma, ki tashi mu tafi. Yalla."

An yi aikin ido lafiya. Fatna na zaune a ƙasan matakala da auduga a fuska, tana jin ƙarar ƙullu a kan tanda daga sama, tana aika hukunci: ya yi kauri, wuta ta yi yawa. An yanke farce. Sagiru ya ɗaga kisrar Hadeel ta farko ya ce alhamdu lillahi, sinasir ya fara ƙiba.