Gefe na Huɗu

A layin da ke bayan tashar mota, saman shagon wani tela, akwai ɗaki biyu da ɗan baranda, kuma a nan Auta mai saƙa ta tsufa. Ta haura sittin, furfura ta gama da kanta, amma har yau Auta ake ce mata, don ba wanda ya taɓa saninta ita kaɗai. Kullum Yaya da Auta ne. Yaya ta saƙa cikin mayafi, Auta ta sa masa baki. Haka suka raba aikin shekara arba'in da 'yan kai, tun lokacin da mijin Yaya ya rasu ya bar ta da jaririya, ita kuma Auta ta kwaso akwatinta daga wani aure da bai kai shekara biyu ba, ta ce ta zo taya zama na wata ɗaya.

Wanda bai san saƙa ba zai ɗauka baki shi ne ƙaramin aiki. Bai san abin da yake faɗa ba. Yaya kan fara mayafin leshi daga tsakiya, da zare siriri mai santsi, ta yi ta faɗaɗawa waje, ganye kan ganye, har ya kai girman da take so. Ba ta rufe ƙarshen saƙar. Madaukan ƙarshe, ɗari da tamanin a kowane gefe, a buɗe take barinsu, sai ta zura musu wani zare mai kauri, ja wur, ta ƙulle bakinsa, ya riƙe su kada su warware. Shi suke kira zaren riƙo. Daga nan aiki ya koma hannun Auta. Za ta ɗora madauki goma sha shida a tsinken saƙarta, ta saƙa ta fita waje, ta saƙa ta dawo ciki, in ta dawo ta kama madauki ɗaya daga jikin mayafin ta haɗa da nata. Ta sake fita, ta dawo, ta kama na gaba. Sau ɗari bakwai da ashirin ke nan kafin a zagaye gefe huɗu. A kowace kusurwa kuma sai ta ƙara layi, in ba haka ba bakin ya lanƙwashe sama kamar tsohon faranti.

Suna da wata ƙa'ida da ba su taɓa karyawa ba. In Auta ta gama, Yaya za ta sa tabarau, ta ɗora mayafin a cinya, ta lalubi kusurwa da babban yatsa, ta ja nan ta ja can. In abin ya yi mata, ba ta cewa ya yi kyau, ba ta cewa sannu. "Ya zauna," kawai take cewa. Sannan ta kwance ƙullin, ta janye zaren riƙo da hannunta, ta kaɗe mayafin sau biyu da ƙarfi, ta yafa a kafaɗa. Auta ba ta taɓa cire zaren nan ba ko sau ɗaya.

Masu saye kuwa in sun hau benen, ganyen tsakiya kawai suke gani. "Kai, hannun Yaya!" Ba mai duba baki, alhali shi ya riƙe komai. Mutane dai ba su da ido, kuma abin ya sha yi wa Auta ciwo, ba za a ɓoye ba. Akwai ranar da ta yi yaji zuwa baranda, ta ƙi shan shayi, ta ce kowa ya sa wa mayafinsa baki. Kafin la'asar ta dawo ta ɗauki tsinkenta. Kalmomin nan biyu na Yaya sun fi mata yabon duk matan layin.

Sai kasuwa ta cika da mayafan inji, masu kyalli, masu arha, a leda. Ƙafa ta ɗauke daga benen kaɗan-kaɗan. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi shi ne ranar da Auta ta tsinci makullin ɗaki a cikin gwangwanin sukari, da ranar da ta ji Yaya tana ƙirga madaukai ta kai arba'in ta koma sha biyu. Mayafin ƙarshe da Yaya ta saƙa, ruwan toka mai haske, wata biyar ya ci, aikin da a da mako uku ne. Abin mamaki, ko kuskure ɗaya babu a ciki, hannun bai manta abin da kan ya manta ba. Ta zura masa zaren riƙo, ta ƙulle, ta miƙa wa Auta.

"Baiwar Allah," ta ce, "ki kai wa mai sa baki."

Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunanta ba. Auta ce mai yi mata wanka, mai ba ta abinci a baki, mai tare ta a bakin bene, amma baiwar Allah ce. Auta ta naɗe mayafin a tsohon zane ta jefa saman kabad, shekara biyu ba ta iya ko kallonsa ba. A cikin shekarun nan sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, har na tsakiya ya karkace.

Wata safiya 'yar Yaya ta bugo waya. Ita ce jaririyar nan da suka rena tare, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa.

"Inna, ke ma kin gaji. Asabar ɗin ƙarshen wata zan zo in tafi da Mama. Gidana ba bene, ga asibiti kusa."

"To ni fa?" Auta ta so ta ce. Amma ta san ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, kuma yarinyar ba ta faɗi ƙarya ba.

"To, 'yar nan. Allah ya kai mu."

Kwana goma sha tara suka rage. Ta taka kujera ta sauko da mayafin. Lissafinta shi ne, in Yaya ta manta fuska, ba za ta manta kusurwa ba. So take kafin mota ta tashi da 'yar'uwarta ta ɗora mata gamammen mayafi a cinya, ta ji an ce mata ya zauna, sau ɗaya tak. Ba ta roƙi abin da ya wuce wannan ba.

Madauki talatin da takwas a rana, in ana so a kai. A da kafin azahar ta yi sittin tana hira. Yanzu sai ta jiƙa yatsunta a ruwan ɗumi da safe kafin su yarda su lanƙwasa, ta zauna a baranda inda haske yake, ta yi ta fita tana dawowa har rana ta faɗa bayan tasha. Wani lokaci tsinken ya suɓuce ya faɗa ƙasa gaban shago, tela ya hauro mata da shi.

"Auta, amarya za mu yi ne?"

"Kai dai ka ji da wandon mutane da ka yanka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Kawo in bi miki bakin da keke mana, minti biyar an gama."

Kallon da ta yi masa ya sa ya sauka bai ƙara tari ba.

Wahalar kuma ba ta yatsu kaɗai ba ce. Tun da ciwon mantuwar ya yi nisa, duk abin da ke da zare in ya shiga hannun Yaya sai ta warware shi: safa, bakin tawul, har hular tela da ya taɓa mantawa a kan kujera. Saboda haka ko banɗaki Auta za ta shiga, sai ta kulle mayafin a akwati ta rataya makullin a wuya.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana biyu, gefe uku sun kammala, ta juya kusurwa ta uku, ta ci rabin gefe na huɗu. Madauki casa'in suka rage a kan zaren riƙo. A karon farko ta yarda a ranta cewa za ta kai. Sai ta ji butar shayi tana tafasa tana zuba a kan wuta. Yaya na gyangyaɗi a kujerarta. Auta ta ajiye mayafin a hannun kujera, ta ce minti ɗaya ne.

Da ta dawo da kofi a hannu, Yaya na zaune a miƙe, irin zaman da ta daina tuntuni. Ta sa tabaran Auta. Mayafin na cinyarta, babban yatsanta na kan kusurwa.

"Auta."

Shayi ya zubo mata a yatsu, ba ta ji zafin ba.

"Na'am, Yaya."

"Wannan kusurwar, layi nawa kika ƙara?"

"Shida, Yaya."

"Da ai huɗu kike sawa."

"Hannuna ne ya ƙara tsauri."

Yaya ta ja nan, ta ja can, ta ɗaga shi wajen haske, ta ɗan taɓe baki yadda ta saba don kada a ce ta cika yabo.

"Ya zauna."

Daga nan hannunta ya tafi neman ƙullin zaren riƙo, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Auta na gani. Taku uku ne tsakaninsu. Amma ta san abin da ke faruwa in aka fizge abu daga hannun Yaya: ihu, da kuka, da "ɓarauniya", kuma idanun nan da suka gane ta yanzu su koma inda suka fito.

"Yaya, saura..."

"Me?" Yaya ta ɗago, ta dube ta ta saman tabarau, kallon yaya da ƙanwarta sosai.

"Ba komai."

Yaya ta kwance ƙullin, ta janye zaren tsaf har ƙarshensa, ta tashi tsaye ta kaɗe mayafin sau biyu da ƙarfi. Ba a ji ƙarar komai ba. Madaukai casa'in suka saki, zare mai santsi ya yi ta gudu ciki, ganye bayan ganye yana buɗewa, har kusa da tsakiya. Yaya ta yafa abinta a kafaɗa ta zauna, fuskarta fes. Can ta ga zare na reto a hannunta, ta kama, ta tsinka, ta fara naɗewa a yatsa. Auta na tsaye da kofi, ba ta hana ta ba.

Kafin shayin ya huce an gama. Yaya ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Baiwar Allah, ba sukari."

Ranar Juma'a Auta ta shimfiɗa mayafin a kan gado ta yini a kansa. Ba ta iya ganyen ba. Shekara arba'in tana zaune gwiwa da gwiwa da mai yinsa, ba ta taɓa cewa a koya mata ba, don kowa da nasa aikin, kuma ba a rubuta shi a takarda ba, a cikin kan Yaya yake. Ta yi kuka sosai, na haushin kanta da na wanda ba ta san wa za ta ɗora wa ba. Tela ya hauro da tsinken da ya sake faɗuwa, ya leƙa gadon, ya nemi abin tsokana bai samu ba. "Sannu, Auta," ya ce, ya ajiye tsinken a bakin ƙofa.

Asabar mota ta zo. Tela da direba suka sauko da Yaya a kan kujera, tana riƙe da ɗan curin zarenta gam.

"Inna, wannan tarkacen fa?" in ji 'yar.

"Bar mata abinta."

An rufe ƙofar mota, sai Yaya ta yafito Auta ta taga. Auta ta matso da sauri har tana tuntuɓe.

"Baiwar Allah, in kin ga mai sa baki, ki ce mata aikina ya daɗe a wajenta."

"Zan gaya mata."

Auta na nan a saman shagon tela. Ɗaki biyu sun yi mata yawa, ta kulle ɗaya. 'Yar takan bugo ranar Lahadi ta ce Mama na cin abinci, ba ta tambayar kowa. Mayafin na kan hannun kujera, gefe uku da rabi kamar a saya, madaukai goma sha shida har yanzu a kan tsinke. Wasu ranakun da safe, in yatsun sun yarda, takan ɗauka ta saƙa ta fita waje, ta saƙa ta dawo ciki, ta kai tsinken inda madaukin Yaya ya kamata ya kasance. Sai ta warware layin biyu ta ajiye.