Hajiya Rabi da sikelin tsibiri

Ban taɓa mantawa da ranar da sikeli ya kusa raba ni da Hajiya Rabi ba. A shekarar 1988 ne, ina sabon fitowa daga makaranta, aka ɗauke ni daga Konni aka tura ni aron aiki wani ƙaramin filin jirgi a tsibiri, can tsakiyar teku. Ni ne mataimakin shugaban fili. Jirgin ƙarami ne, mako-mako yake zuwa, titinsa kuma gajere, ƙarshensa ruwa. Shi ya sa doka ta ce a auna kowane fasinja kamar yadda ake auna kaya, a miƙa wa matuƙi jimilla kafin ya tashi.

Hajiya mutuniyar Illela ce, ta daɗe tana kasuwanci a tsibirin, tuwon gidanta nake ci. Ran nan za ta haye wajen ɗiyarta da ke gab da haihuwar fari. In jirgin ya bar ta, sai wani makon.

Na matsa kusa, na rage murya. "Inna, wataƙila, in ba damuwa, ko za ki ɗan taka nan?"

Ta dubi sikelin, ta dube ni. "Ɗan nan, ni za ka aza bisa kamar buhun albasar Galmi? Gaban mutane?"

Na koma wurin matuƙi na ce ko zan ƙiyasta. Ya ce teku ba ta san ƙiyasi ba. Ni kuwa ba zan rubuta abin da ban gani ba, ba zan kuma kunyata wadda ke ciyar da ni ba.

Can na tuna jimilla kawai matuƙi ke nema. Na sa aka loda kayanta duka bisa sikelin, buhunan kwakwa da busasshen kifi, na ce, "Inna, zauna bisa ki tsare su, kada su zube." Ta hau ta zauna daram, tana gyara mayafi. Allurar sikelin ta wuce iyakar nauyin da jirgi zai ɗauka. Dole aka sauke buhu guda.

"Ai na faɗa musu kwakwar nan nauyi gare ta," in ji Hajiya.

Na ce, "Ƙwarai, Inna."

Jirgi ya tashi da ita lafiya. Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne jirgi gaskiyar nauyi yake bukata, bai damu da ko na wane ne ba. Ku ba shi gaskiyarsa cikakkiya, ku bar wa mutum mutuncinsa.