Labbe da Auren 'Yarsa Ruba

A unguwar Mahjar ta Jidda, in ka nemi Ismail ba wanda zai gane. Sai ka ce Labbe mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nan take a nuna maka shagon. Mutumin Sirilanka ne, tsibirin nan na ƙasan Indiya da dattawan Jidda ke kira Silan. Gajere ne, ba ya son yawan magana. Hausarsa ta zaman aure ce, tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi.

Garinsu Kattankudi, a gabashin tsibirin. Musulmi ne, amma harshen Tamil suke yi, shi ya sa yaƙin ƙasar ya ritsa da su a tsakiya. Sojojin gwamnati, waɗanda yawancinsu 'yan Sinhala ne, in sun ji harshensu sai su yi musu kallon Tamil. 'Yan tawayen Tamil kuma suka dubi hularsu suka ce ba nasu ba ne. A 1990 'yan tawayen suka buɗe wuta a masallatan garin ana cikin salla. Kawunnan Labbe biyu na cikin waɗanda suka rasu. Shekara na zagayowa ya samu kafili, ubangidan da zai tsaya masa a takardun aiki, ya taho Jidda.

Nan ya auri Mastura, Bahaushiya haifaffiyar unguwar Kurayyat, jikar Muhammad Yelwa da ya zo hajji a ƙasa ya zauna. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Ruba.

Da Ruba ta kammala karatu, wani saurayi Fawaz ya turo baffansa, Alhaji Maiturare, neman aurenta. Labbe ya zuba masa shayi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ku je wurin kawunta, Yaya Salihu. Yarinya tasu ce."

Ba gudun nauyi ya yi ba. A garinsu ɗa dangin uwa yake bi, kuma ba a maganar aure sai manyan dangin uwa sun amince.

Salihu, wan Mastura, yana sayar da yadi a Kurayyat. Da Maiturare ya je masa, sai ya yi dariya. "Ni a wa? Yaushe kawu ya fara ba da aure? Ku koma wa dangin uba."

Maiturare ya dawo Mahjar, Labbe ya sake nuna masa hanyar Kurayyat. Daga nan Alhaji bai ƙara zuwa ba. Magana ta fara yawo cikin mata cewa yarinyar da uba ya tura gaba, kawu ya maido baya, a binciki asalinta. Ruba ta daina fitowa cin abinci.

Mastura ta ce, "Abu Ruba, kuna ta jifa da 'yata kamar ƙwallo. Auren nan zai watse, halas, shi ke nan."

Labbe ya kira yayarsa a Kattankudi. Ta yi murna har da kuka, amma ta gaya masa abin da ya riga ya sani: 'ya'yanta su ne danginsu, Ruba kuwa uwarta ta bi.

Washegari bayan la'asar ya rufe shago ya tafi wurin Salihu. Ya zauna kan kujera har masu saye suka watse.

"Ɗan Silan, in mukayyif ɗina ka zo dubawa, lafiyarsa lau," in ji Salihu.

"Yaya, a wurinmu namiji in ya yi aure, gidan matarsa yake shiga. Ranar da kuka ba ni Mastura na zama naku. Shekara ashirin da bakwai ke nan."

"Ikon Allah! Ina da ƙato a gida ban sani ba? Da tuni na sa ka ɗaukar min yadi."

"Kawunnaina da za su koya min yadda ake yi sun mutu a masallaci. Ni abin da na tashi na gani shi na sani. Can sun ce taku ce, nan kun ce tasu ce. To ta wa ce?"

Salihu ya daina dariya. Ya daɗe yana naɗe yadin da ke gabansa, sannan ya ɗauki waya ya kira Maiturare da kansa.

Ranar Juma'a aka zauna a falon Salihu. Maiturare ya gyara zama ya ce, "To, yarinyar nan ta wane gida ce?"

"Jikar gidan Muhammad Yelwa ce," in ji Salihu.

"Ai wannan ta wajen uwa ne, Malam."

"A garin ubanta ta nan ake bi, ga uban nan ya sallama. Ni zan amsa muku, shi kuma ya sa hannu a takarda. Saura me?"

Maiturare ya dubi Labbe, Labbe ya gyaɗa kai. Alhaji ya ce to Allah ya sa alheri, aka shafa fatiha, aka sa rana bayan Sallar layya.

Suna saukowa daga bene Labbe ya ja hannun rigar Salihu. Ya ce akwai ɗaki ɗaya a gidansa da ya riga ya yi wa fenti, ko za a gaya wa Fawaz ya fara kawo kayansa?

"Wannan kam a'a," in ji Salihu. "Amarya ce ke tarewa. Yalla, mu je."